Idan Mai Yi Maka Aiki Ya Ɓata Dukiyarka: Yadda Ake Neman Diyya

Manoman Madarumfa sun san abin da ake yi idan shanu suka shiga gona kafin a kwashe amfani. Ana kiran shaidu, a duba ɓarnar, a ƙiyasta ta, sannan mai dabbobi ya biya. Amma idan magini ya yi ɗaki ya rushe a daminar farko, ko mai mota ya bar buhunan gero ruwa ya jiƙa su tsakanin Ɗan Isa da Maraɗi, ko mai haɗa wutar lantarki ya yi kuskure firji ya ƙone, mutane da yawa sukan ce ƙaddara ce, su yi shiru. Haƙuri abu ne mai kyau. Duk da haka, doka ta ba mai dukiya damar neman diyya.

Me doka ta ce?

Kundin dokar da ke tsara hulɗar jama'a a Nijar, wanda ake kira Code civil da Faransanci, ya yi bayani a kan wannan.

Aya ta 1382 ta wajabta wa duk wanda ya jawo wa wani asara da laifinsa ya biya. Aya ta 1383 ta nuna ba sai da gangan ba: sakaci da rashin kula ma laifi ne. Aya ta 1384 ta ɗora wa maigida ko kamfani alhakin ɓarnar da ma'aikacinsa ya yi a bakin aiki. Idan kuwa akwai yarjejeniya tsakaninku, aya ta 1147 ta ce wanda bai cika alkawarin aikinsa ba shi ne zai biya. Aya ta 1792 kuma ta ɗora wa ɗan kwangilar da ya karɓi gini a kan kuɗin da aka yanke alhakin rushewarsa har shekara 10, idan aibin aikin ne ya jawo.

Abubuwa uku da za ka tabbatar

Na farko, an yi asara ta gaskiya. Na biyu, mai aikin ya yi sakaci ko bai cika alkawari ba. Na uku, wannan sakacin ne ya jawo asarar. Idan ɗaya ya ɓace, ƙara ba za ta yi ƙarfi ba.

Akwai lokacin da mai aiki ba zai biya ba. Idan Gulbin Maraɗi ya yi ambaliyar da ba wanda zai iya tsammani ko tarewa, ba a ɗora wa magini laifi. Haka kuma, idan kai ne ka ƙi sayen simintin da ya ce ana bukata, alƙali na iya rage diyyar saboda naka laifin.

Matakan da za a bi

1. Kada ka gyara, kada ka zubar da abin da ya lalace kafin a gan shi. Ka ɗauki hoto da wayar hannu, ka kira shaidu biyu ko uku, ka rubuta rana da lokaci.

2. Ka tattara takardu: rasit, takardar yarjejeniya, da takardar biyan kuɗin wuta ko ruwa. Ka nemi wani gwanin sana'ar ya rubuta abin da ya jawo ɓarnar da kuɗin gyara. Idan asarar babba ce, ma'aikacin shari'a da ake kira uwisiye zai iya zuwa ya rubuta abin da ya gani. Ana biyan sa, amma takardarsa tana da nauyi a kotu. Idan haɗarin mota ne, a kira jandarmomi, a kuma nemi takardar inshorar motar.

3. Ka yi magana da mai aikin cikin mutunci. Idan bai amsa ba, ka rubuta masa wasiƙa, ka faɗi abin da ya faru, da kuɗin da kake nema, da wa'adin da ka ba shi. Ka yi kofi biyu, ya sa hannu a ɗaya ka riƙe.

4. Ka nemi sulhu. Dokar sarautar gargajiya ta shekarar 2015 ta ba mai gari da sarki ikon sasanta mutane. Idan an daidaita, a rubuta takardar sulhu, kowa ya sa hannu. Maganar baki tana saurin ɓacewa.

5. Idan matsalar daga layin kamfanin wuta ta fito, ka fara kai kuka a rubuce ofishin NIGELEC. Idan ba a biya maka bukata ba, akwai hukumar ARSE, wadda aka kafa a 2015 don sa ido kan sha'anin makamashi.

6. Idan duk wannan bai yi ba, sai kotu. Akwai ƙaramar kotu a Madarumfa, akwai babba a Maraɗi. Magatakardan kotu zai gaya maka wadda ta dace da ƙararka. Wanda ba shi da hali yana iya neman taimakon hukumar ANAJJ, wadda dokar 2011 ta kafa don agaza wa marasa ƙarfi a harkar shari'a.

A kula da wa'adi

Masu tura kaya a mota su lura da kyau. Dokar OHADA ta 2003 kan jigilar kaya, wadda ke aiki a Nijar, ta ba da lokaci kaɗan. Idan ba a duba kayan tare da mai mota ba, kuma ɓarnar a fili take, a sanar da shi a rubuce kafin ƙarshen ranar aiki ta farko bayan sauke kaya. Idan ɓoyayyiya ce, kwana 7 ne, ban da Lahadi da ranakun hutu. Ƙara kuma a shigar da ita cikin shekara 1. Diyyar ba ta wuce jaka 5 a kowane kilo, sai in an bayyana darajar kayan tun farko ko mai motar ya yi babban laifi.

Nawa za a nema?

Diyya tana mayar da mutum yadda yake kafin ɓarna ne, ba hanyar cin riba ba ce. Ana lissafa asarar da aka yi da kuma abin da aka rasa samu. Ga misali: mai gyara ya lalata keken ɗinkin wata mata. Gyara ya ci jaka 30. Ta yi kwana 10 ba ta ɗinki, alhali tana samun jaka 2 a rana, wato jaka 20. Abin da za ta nema shi ne jaka 50. Idan ta ƙara ƙarya a kai, za ta raunana gaskiyarta.

Rigakafi ya fi magani

Kafin ka ba da aiki, ku rubuta yarjejeniya, ko da layi biyar ne: irin aikin, kuɗinsa, ranar gamawa, da wanda zai ɗauki asara. Kada ka biya kuɗin duka kafin ka ga aikin. Ka karɓi rasit ko yaushe, kuma kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba. Wanda ya koyi karatu da rubutu ya taimaka wa maƙwabcinsa da waɗannan takardu.