Ziyararmu Ga Tagwayen Tafkunan Manenguba

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Mun daɗe muna koya wa yara cewa akwai tafkuna biyu a bisa dutsen Manenguba, mai tsayin mita 2,411, kusa da Nkongsamba, alhali mu kanmu ba mu taɓa ganinsu ba. Saboda haka a hutun Disamba muka ɗebi ɗalibai 12, muka tashi daga Melong da asuba.

Muka ratsa gonakin kofi, muka shiga ciyawa, sanyi yana ƙaruwa. Sai da azahar muka kai wani makeken kwari, bakin tsohon dutse mai aman wuta, inda Mbororo ke kiwo. A nan tafkunan suke. Babban, mai ruwa shuɗi, ana kiransa Mace. Ƙaramin, mai ruwa kore da gangare mai tsanani, shi ne Namiji. Kabilar Bakossi suna girmama su ƙwarai.

Amma mun yi ganganci, don tsimin kuɗi ba mu ɗauki ɗan jagora ba. Da la'asar gajimare ya sauko ya rufe ko'ina. Muka ƙirga yara, babu ɗaya! Muka yi ta kira, shiru. Can sai ga wani makiyayi riƙe da hannunsa, ya tsince shi dab da gangaren Namiji. Alhamdu lillahi.

Don haka malamai 'yan'uwa, ku kai yara su gani, amma ku nemi jagora ɗan ƙasa, ku riƙi rigunan sanyi, ku sauko tun rana tana sama.