Kafin Ka Juye Kuɗin Fanshonka Zuwa Roth, Ina Kuɗin Harajin?

Wata ɗabi'a ta shigo cikin 'yan uwanmu mazauna Amurka, kuma tana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai kalli bidiyon minti biyu a waya, a ce masa asusun Roth ba a biyan haraji idan an zo cin gajiyarsa, washegari sai ya kwashe duk abin da ya tara a asusun fanshonsa na 401(k) ko IRA ya juye can. Gaskiya aka faɗa masa, amma rabinta. Kuɗin da ke tsohon asusun ba a taɓa cire masa haraji ba. Ranar da ka juye shi, hukumar haraji ta IRS za ta haɗa shi da albashinka ta lissafa a matsayin abin da ka samu a shekarar.

Na ga abin da wannan gaggawa ta jawo wa wani bawan Allah a Bronx, mai shekara arba'in da 'yan kai. Albashinsa wajen dala 60,000 ne, ya juye 80,000 a tashi guda. A idon gwamnati ya zama mai samun 140,000. Shi da harajinsa ke tsayawa a kashi 12, sai ga shi ya haye matakin kashi 22 har ya taɓo 24. Da lokacin cika takardu ya zo, mai yi masa lissafi ya juyo masa da fuskar kwamfuta: kusan dala 18,000 na tarayya kaɗai, ban da na jiha da na birnin New York. Kuɗin hannunsa kuwa tuni ya tura gida ana rufin gini.

Ya ce to a mayar da kuɗin inda suka fito. Ina! Da ana iya warwarewa, amma dokar harajin da aka sa wa hannu a Disambar 2017 ta rufe wannan ƙofa tun daga 2018. Bakin alƙalami ya bushe. Dole ya koma cikin Roth ɗin ya ciro ya biya, nan ma tarar kashi 10 ta hau kansa, domin bai kai shekara 59 da rabi ba, kuɗin kuma ba su yi shekara biyar a asusun ba. Kowace juyawa da nata shekara biyar ɗin, ku riƙe wannan.

Haba jama'a! Mutum zai yini yana ciniki kan kuɗin tikitin jirgi, amma gumin shekara goma sha biyar ya juye shi bai tambayi kowa ba?

Roth ba aibu ba ne, yana da amfani ƙwarai ga wanda ya shirya. Shirin shi ne kuɗin harajin su kasance a aljihunka daban kafin ka taɓa komai. In ka ce a cire harajin daga cikin abin da ake juyewa alhali shekarunka ba su kai ba, abin da aka cire ɗin ma sai an ci ka tara a kansa. Ka juye kaɗan-kaɗan, shekara bayan shekara, musamman shekarar da aiki ya ja baya. Kada ka bari kamfanin 401(k) ya rubuto ceki da sunanka, zai riƙe kashi 20, wa'adin kwana 60 na zuba kuɗin a Roth kuma ya fara ƙirguwa. A tura daga asusu zuwa asusu kai tsaye. Wa'adin juyewa 31 ga Disamba ne, ba ranar cika takardun haraji ta 15 ga Afrilu ba, saboda haka tun watan Oktoba ka zauna da mai lissafin harajinka ya faɗa maka nawa za ka iya juyewa ba tare da ka haye mataki na gaba ba.