Dare Ɗaya a Landan: Me Masoya Led Zeppelin Ke Nema a Fim ɗin Celebration Day?

A ranar 10 ga Disamba 2007, wasu dattawan makaɗa uku 'yan Ingila suka hau dandamalin zauren O2 da ke Landan, suka yi wasa na kusan awa biyu. Zauren ba ya ɗaukar fiye da mutum dubu 20, amma buƙatun tikitin da suka shigo ta intanet sun kai miliyan 20, har kundin Guinness ya rubuta cewa ba a taɓa rububin tikitin wasa guda irin haka ba. Sai da aka yi ƙuri'a, wanda sunansa ya fito ya biya fam 125. Sauran jama'a kuwa sai haƙuri, har shekara biyar, kafin fim ɗin wannan dare mai suna Celebration Day ya fito a gidajen sinima na ƙasashe da dama a Oktoba 2012.

Wanda bai san Led Zeppelin ba zai ce wannan wace irin zaƙuwa ce a kan tsofaffi? An kafa ƙungiyar a Landan a 1968, mutum huɗu: Robert Plant mai waƙa, Jimmy Page mai jita, John Paul Jones mai jitar bes da fiyano, sai John Bonham mai ganguna. A shekarun 1970 babu ƙungiyar kiɗan rock da ta fi su cika filin wasa. A 1973 sun tara mutum sama da dubu 56 a Tampa ta Amurka, suka karya tarihin da ƙungiyar Beatles ta kafa. Ana cikin haka Bonham ya mutu a Satumba 1980 yana ɗan shekara 32, bayan ya yi mankas da barasa. Sauran ukun ba su nemi wani mai ganga ba, suka ce tafiya ta ƙare, kowa ya kama gabansa.

Sun ɗan sake haɗuwa jefi-jefi, kuma ba a ji daɗi ba. A wasan Live Aid na 1985, wanda aka shirya don agajin yunwar Habasha, muryar Plant ta dushe, jitar Page ba ta saitu ba, masu gangunan da aka aro ba su san kan waƙoƙin ba. Abin ya yi musu ciwo har suka hana a saka wasansu a faifan bikin da aka fitar a 2004. Wato masoyansu sun shekara fiye da ashirin da wannan tabo a zuci.

Mutuwa ce ta raba su, mutuwa ce kuma ta sake haɗa su. Ahmet Ertegun, ɗan jakadan Turkiyya a Amurka, yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin faifai na Atlantic a 1947, kamfanin da ya ɗauki Led Zeppelin tun ba su yi suna ba. Ya faɗi a bayan dandamali a wani wasan ƙungiyar Rolling Stones a Niyok a Oktoba 2006, ya rasu a Disamba yana da shekara 83. Don karrama shi aka shirya wasan O2, kuɗin kuma aka zuba a asusun tallafin karatu mai sunansa. Wannan karon sun shafe makonni suna atisaye. An ma ɗage ranar da mako biyu saboda Page ya karya yatsa.

To me fim ɗin ya ƙunsa? Abin mamaki, kusan ba komai sai wasan kansa. Waƙa 16, daga "Good Times Bad Times" zuwa "Rock and Roll". Darakta Dick Carruthers bai saka hira ba, bai leƙa ɗakin shiri ba, bai kawo masana su yi ta yabo ba. Wannan ya sha bamban da tsohon fim ɗinsu na 1976, The Song Remains the Same, inda aka cusa wasu mafarke-mafarke na dawaki da takubba a tsakiyar kiɗa, abin da ko masoyan ƙungiyar sukan yi wa dariya. A ganina rashin adon nan shi ne ƙarfin Celebration Day. Mai kallo ya zo ne da tambaya guda: shin har yanzu suna iyawa? Kyamara ta tsaya a kan yatsu da fuskoki ta bar shi ya yanke hukunci da kansa.

Kuma fim ɗin bai ɓoye tsufa ba. Page na da shekara 63, kansa fari fat. Jones 61, Plant 59. Muryar Plant ba ta ƙara kaiwa can ƙololuwar da take kaiwa yana saurayi, don haka aka sassauto da sautin wasu waƙoƙin ƙasa domin ya iya ɗauka. Wanda ya saurari faifansu yana ɗan makaranta, yanzu shi ma furfura ta fito masa, yana kallon mutanen da suka tsufa tare da shi suna aikinsu ba tare da kwaikwayon ƙuruciya ba. Wanda ya taɓa ganin yadda dattijo kan nutsu idan aka kunna masa tsohon kaset ɗin Shata zai gane abin da ake nufi.

Inda fim ɗin ya fi taɓa zuciya shi ne wurin ganguna. Wanda ya zauna a kujerar John Bonham ɗansa ne, Jason, wanda yake da shekara 14 lokacin da uban ya mutu, a daren kuwa yana da 41. Kyan ɗa ya gaji ubansa, amma wannan gado mai nauyi ne, domin da yawa na ɗaukar John Bonham a matsayin gwanin gwanayen ganguna a kiɗan rock. Dubi yadda dattawan uku ke yawan juyowa su kewaye gangunan, su ba 'yan kallo baya, suna haɗa ido da yaron abokinsu, wani lokaci har da murmushi idan ya buga daidai inda uban kan buga. Wanda ke kujerar ƙarshe a zauren, da fam 125 ɗinsa, bai ga wannan ba. Mai kallon fim ne ya gani. Nan fim ya fi tikiti.

Akwai abin da ya kamata mai kallo ya sani. Irin waɗannan fina-finai ba sa fitowa yadda aka ɗauke su. Akan tace sauti a situdiyo, a zaɓi kusurwar da ta fi kyau, a yanke inda aka yi tuntuɓe. Wannan ma an ɗan yi masa gyara. Duk da haka an bar ƙananan kurakurai, kuma waƙoƙin farko ana jin ɗari-ɗari a jikinsu kafin su saki jiki. Da aka zo "Kashmir" kuwa, wadda kiɗanta ke da ƙamshin Gabas da Arewacin Afirka, babu sauran gardama. Wannan ɗanɗano ba baƙo ba ne wurin Plant, mutumin da ya daɗe yana yawon Maroko, ya kuma je har Essakane ta Mali ya yi waƙa a Bikin Hamada na 2003, inda Ali Farka Touré da Tinariwen suka yi wasa.

Bayan daren nan an yi ta roƙonsu su zaga duniya, ga kuɗi kamar ƙasa. Page da Jones sun nuna sha'awa, Plant ya ce a kai kasuwa, ya tafi yawon waƙa da Alison Krauss, wadda suka yi faifan Raising Sand tare. Mutane da yawa sun ji haushinsa, ni kuwa ina ganin ya yi daidai, domin da sun maimaita wasan sau ɗari da fim ɗin ya zama ɗaya daga cikin tarin faifai. Faifan sautin wasan ya ci kyautar Grammy a 2014, kuma Led Zeppelin ba su sake yin wasa tare ba tun 2007.