Ruwa da lantarki ba sa ga maciji: Jan hankali ga 'yan kasuwa da masu lambu

Duk wanda ya taɓa shiga manyan otal-otal na Yamai ko Abuja, ko gidajen wasu attajirai, zai ga tafkin wanka da aka gina da siminti, an dasa masa fitilu a ƙarƙashin ruwa suna haske da dare. Masu kula da irin waɗannan tafkuna suna da doka ɗaya da ba sa wasa da ita: da zarar fitila ta tsage, ko aka ga ruwa ya shiga cikin gilashinta, ko ta fara ƙyafta ido, to kowa ya fito daga ruwan, kuma ba mai komawa sai an kashe wutar daga tushe. Domin kuwa fitilar da ta lalace tana iya sakin lantarki cikin ruwan, alhali ido ba zai ga komai ba.

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan mutanen Karofane da tafkin attajirai? Gaskiya ne ba mu da tafkin wanka, amma muna da abin da ya yi kama da shi, kuma a kansa muke neman abincinmu. Daga Karofane zuwa Bouza, daga Madawa zuwa Keita, masu noman albasa da dama sun sanya famfon lantarki a cikin rijiyoyinsu, wanda ke kwana ya wuni a nutse cikin ruwa. Iyayenmu mata masu sayar da ƙanƙara, zoɓo da ruwan sanyi kuwa, kullum hannunsu a jiƙe yake suna buɗe firiza, ƙafa ba takalmi, ƙasa kuma da lema. Da hunturu ga hita a cikin bokiti. Duk waɗannan lantarki ne a cikin ruwa ko a bakinsa, don haka dokar masu tafki ta hau kanmu.

Abin ya ƙara yawa tun daga shekarar 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yuli. Kafin a maido da ita a 2024, jama'a da yawa sun koma ga janareta da faifan sola, kuma sau da yawa wanda ya haɗa wayoyin ba gwani ba ne, ɗan unguwa ne mai filaya da salatif.

Me ya sa ruwa ke ƙara haɗarin? Wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa gidaje, wadda a Nijar muke kira kuran, ƙarfinta bolt 220 ne, haka ma wadda janareta ko inbata ke bayarwa. Busasshiyar fata tana ɗan tare lantarki, amma idan ta jiƙe da ruwa ko gumi, sai ƙarfin tarewar ya faɗi warwas. Masana suna auna abin da ke ratsa jiki da ma'aunin da ake kira miliamfiya. Daga kamar 10 zuwa 20, hannu yakan ƙanƙame waya ya kasa saki. Idan ya haura 50 ya bi ta ƙirji, bugun zuciya na iya rikicewa. Mai jiƙaƙƙen jiki kuwa da ya taɓa bolt 220, abin da zai ratsa shi na iya kaiwa 200. Wannan ne ya sa a ƙasashe da dama fitilun tafki ba sa aiki sai da bolt 12 kacal.

Kafin abu ya kashe mutum, yawanci yakan yi gargaɗi. Idan Hajiya ta taɓa jikin firiza ta ji yana ɗan ja, ko yaro ya ce famfo yana "cizo", ko makunnin tsaro yana yawan faɗuwa da kansa, ko aka ga ɓera ya ɓare wayar, to wannan ba abin dariya ba ne. Mun sha jin ana cewa, "ai haka yake yi, sa takalmi kawai." Wallahi wannan magana ta jawo wa gidaje da yawa zaman makoki. Wutar da ta ɗan ja ki yau da busasshiyar ƙafa, ita ce za ta riƙe 'yarki gobe idan ta zo ɗaukar ƙanƙara bayan an yi ruwan sama.

To mene ne abin yi? Na farko, a kashe wuta daga tushe kafin a taɓa ruwan ko na'urar. A sauke makunnin da ke kusa da mita, ko a kashe janareta ɗungurungum, sannan a zare fulogi da busasshen hannu. A kuma sa mutum ya tsaya a wurin, kada wani da bai sani ba ya zo ya kunna. Mu kula sosai: ɗauke wuta ba kashe wuta ba ne. Wanda ya ce bari in gyara da sauri tunda an ɗauke, to ya sani ana iya maido da ita a kowane lokaci hannunsa na kan waya.

Na biyu, masu famfon sola su sani cewa faifan ba ya daina ba da wuta muddin rana na dukansa. Idan an jera faifai da yawa a layi ɗaya, ƙarfinsu na iya kaiwa ɗaruruwan bolt, kuma wayar da ta taso daga gare su tana nan da ranta ko an kashe akwatin famfon. Kada kowa ya sauka rijiya, kada kuma a jawo famfo da wayarsa. Igiya ake ɗaura masa tun ranar da aka sa shi, kuma gwani ne zai raba shi da faifan.

Na uku, salatif ba ya hana ruwa shiga. Wayar da za ta zauna cikin ruwa tana da nata irin, mahaɗarta ma akwai abin da ake rufe ta da shi na musamman. Hita kuwa, a zare ta daga soket kafin a sa yatsa a ji ko ruwa ya yi zafi, kuma kada a bar yara kusa da bokitin.

Na huɗu, akwai ɗan ƙaramin makunnin tsaro da ake rubuta 30 mA a jikinsa, wanda masu gyaran wuta a Nijar suka sani da sunan diferansiyel. Aikinsa shi ne, da zarar wuta ta fara zurarewa ta jikin mutum ko ta ruwa, sai ya yanke ta cikin ƙiftawar ido. Fis da babban makunnin mita an yi su ne don kare wayoyi daga gobara, ba lallai su ceci rai ba. A sa gwani ya ɗaura shi tare da wayar ƙasa, a riƙa danna maɓallin gwajinsa lokaci-lokaci. Mu 'yan kasuwa mun san lissafi: kuɗinsa bai kai na jinyar mutum ɗaya ba, balle rai. Araha dai ba ta ado.

Idan kuwa ƙaddara ta faɗa, wuta ta kama wani, kada tausayi ya sa mu rungume shi ko mu faɗa ruwan, domin haka ake rasa mutum biyu ko uku a gida ɗaya. A kashe wutar tukuna. Idan makunnin ya yi nisa, a tsaya kan busasshen katako a ture wayar da busasshiyar sanda ko muciya, ban da ƙarfe. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, har taimako ya zo. Lambar 'yan kwana-kwana a Nijar ita ce 18. Madara ko binne mutum cikin yashi ba magani ba ne, ɓata lokaci ne kawai. Ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, saboda lantarki kan yi ɓarna a ciki, ta bayyana daga baya.

Muna kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin mata da na masu albasa, da su zagaya rumfuna da lambuna kafin damina ta kankama, a ɗaga wayoyin da ke kwance a ƙasa, a nuna wa kowane yaron shago inda ake kashe wuta. Hausawa dai sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kiyaye mu da iyalanmu, Ya sa albarka a kasuwa, amin.