Ƙarshen shekarar lakwal: kyautar hannu ga malami da abin dangwale na walima

Duk shekara idan watan Yuni ya kama, kasuwanninmu na bakin iyaka sukan canza kama. Daga Ɗan Isa da Jibiya zuwa Ƙonni da Illela, daga Magarya har Gaya da Kamba, manoma na neman iri da taki, uwayen yara kuma na lissafin ƙarshen shekarar karatu. A Nijar lakwal tana buɗewa a watan Oktoba ta rufe wajajen ƙarshen Yuni, a Najeriya kuwa zango na uku yakan kai watan Yuli. Cikin waɗannan makwanni ne ake raba sakamako, ake walimar yaran da suka ci jarrabawa, kuma kowane gida yake tambayar kansa: me za mu kai wa malam?

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan boko, yaro yana kai wa malamin allo kuɗin Laraba, ranar sauka kuma uwaye su yi abinci, su kai wa malam abin da ya sawwaƙa, ko hatsi ne ko dabba. Da lakwal ta zo, uwaye suka ɗauki wannan ɗabi'a suka kai ta can. Abin da ya lalata ta a wasu wurare shi ne gasa. Wannan ya kai turmin atamfa, wancan ya kai shadda, wani ya miƙa kuɗi cikin ambulan, ɗan talaka kuma ya koma gida yana kuka domin ya je hannu sake. A ganinmu kyautar da ta fi dacewa ita ce wadda aka yi da hannu a gida, da kayan da muke saye da sayarwa kullum, kuma aka bayar da ita bayan sakamako ya fito.

Malamin da ake magana a kansa

Ya kamata mu tuna ko wane ne wannan mutum da yara ke kira mushe ko madam. Tun ƙarshen shekarun 1990 Nijar ta fara ɗaukar malamai ƴan sa-kai, daga baya aka koma kiransu ƴan kontiragi. Abin da ake biyansu bai kai na ma'aikatan dindindin ba, kuma sun sha shiga yajin aiki saboda jinkirin biya. Da yawa an tura su ƙauyukan da ba nasu ba, suna koyarwa cikin ajin zana, da hunturu da bazara, yayin da mu muke rumfunanmu ko muke kan hanya da kaya. Ɗan kasuwar da ke fita tun asuba ya dawo bayan isha'i ya san cewa akwai ranakun da malami ya fi shi ganin ɗansa.

Idan an rufe lakwal, yawancin waɗannan malamai sukan tafi garuruwansu su yi hutun wata uku. Wannan shi ne ma'aunin farko na kyauta: ta zama abin da zai shiga jaka, ya jure tafiyar mota da ɗanshin damina, ya isa gida lafiya. Dafaffen abinci da danyen nono ba su cika wannan sharaɗi ba. Busasshen abu shi ne ya cika shi.

Kyauta daban, toshiyar baki daban

Mu ƴan kasuwa mun fi kowa sanin bambancin tukwici da abin da ake miƙawa a shingen hanya domin a bar mota ta wuce. Abin da aka kai wa malami kafin jarrabawa, ko da zuciya ɗaya aka kai, yana sa shi cikin kunya, yana kuma sa sauran uwaye zargi. Yaron da ya ga an kai kaya sannan ya ga ya wuce aji, zai tashi da tunanin cewa maki ma haja ce. Saboda haka a jira har a raba takardun sakamako, masu BEPC da BAC kuma su jira har a bayyana waɗanda suka samu. A kai kyautar ko yaro ya ci ko ya faɗi, domin aikin shekara ake gode wa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a yi karo-karo ta hannun kwamitin uwayen yara. Idan aji yana da yara 60, kowane gida ya ba da dala ashirin, wato sefa 100, an tara jika shida ke nan. Wannan ya isa a sayi gyaɗa da riɗi da kayan yaji, mata biyu ko uku su haɗu su yi aikin, a miƙa da sunan aji baki ɗaya. Wanda bai samu ba a rufa masa asiri, kada a karanta suna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da za a iya yi a gida

Na farko shi ne yajin ƙuli. A daka ƙuli-ƙuli gwangwanin madara 2, busasshen barkono rabin gwangwani, busasshiyar citta cokali 2, masoro cokali 1, kanumfari da kimba kaɗan, sai gishiri da dunƙulen magi gwargwadon baki. A tankaɗe, a sake daka tsakin, a zuba cikin busasshiyar kwalba a rufe tam. Idan ruwa bai taɓa shi ba yakan yi makwanni, kuma babu gidan da ba ya buƙatarsa, ko a shinkafa da wake ko a ɗanwake.

Na biyu kantun riɗi. A wanke riɗi gwangwani 2, a rege tsakuwa, a shanya, a soya sama-sama ba tare da mai ba har ya yi ƙamshi. A narka sukari gwangwani 1 a tukunya da wuta kaɗan, a juye riɗin a juya da sauri, a shimfiɗa kan farantin da aka shafa wa mai, a yanka tun da zafinsa. Na uku dakuwa, musamman ga mutanen jihar Maraɗi inda ake noman aya da yawa. A soya aya da gyaɗa daban-daban, a daka su tare da sukari da ɗan gishiri da citta, har ta yi laushi ta kama jikinta, sannan a dunƙula.

Wanda ba ya son kayan ci yana da zaɓi. Akwai turaren wuta ga malama, akwai man kaɗanya cikin ƙaramin gwangwani, akwai mafici ko faifai na kaba, akwai ƙaramar jakar fata da dukawa ke ɗinkawa. Malamin da ke zaune a garin da gidansa ana iya kai masa dashen zogale ko na mangwaro, tunda damina ta sauka kuma ranar 3 ga Agusta ta dashen itatuwa tana tafe. Kowace iri ce, a haɗa ta da ƴar wasiƙa da yaron ya rubuta da hannunsa, da Faransanci ko da Hausa. Layi uku sun isa. Wannan takarda ita ce shaidar da malami zai gani cewa wahalarsa ba ta tafi a banza ba.

Abin dangwale na ranar walima

Bayan kyauta sai walima. A irin wannan taro yawanci ƙosai ne da awara, da soyayyen dankali ko doya, da masa, da burodi. Abin da ke ɗaga su shi ne abin da ake dangwalawa. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma takunkumin CEDEAO daga 2023 zuwa farkon 2024, sun nuna mana yadda kayan kwalba da na gwangwani ke tashi dare ɗaya. Albasa da tattasai da gyaɗa kuwa a gonakinmu suke.

Mafi sauƙi shi ne yajin da muka ambata a sama. A ɗiba cokali 4 a ƙaramin kwano, a zuba man gyaɗa har ya yi kamar kunu mai kauri, a yanka ɗanyar albasa ƙanana a kai. Wannan ya dace da awara da doya, kuma ba ya tsoron zafin rana.

Sai sos na albasa da tattasai. A samu albasa manya 6, in da hali ta Galmi, wadda ta yi suna har ƙasashen bakin teku. A jiƙa busasshen tattasai 5 irin na Difa cikin ruwan zafi har ya yi taushi, a jajjaga shi da attarugu 2 da tafarnuwa. A sa man gyaɗa ludayi 1 a wuta, a soya albasar har ta yi laushi ta fara ja, a zuba jajjagen da gishiri da ɗan daddawa. A rage wuta ana juyawa har ruwan ya tsotse mai ya taso sama. Tasowar man nan ita ce alamar ya soyu, kuma ita ce ke sa ya kai yamma bai yi tsami ba. In an sauke a matsa lemun tsami rabi.

Na uku na tigadige ne, wato markaɗaɗɗiyar gyaɗa, da tsamiya. A jiƙa tsamiya cikin tafasasshen ruwa kofi 1, a tace. A dama tigadige cokali 5 da wannan ruwa, a ɗora a wuta kaɗan, a sa gishiri da barkono da sukari rabin cokali, ana juyawa kada ya kama. Idan ya yi kauri har cokali ya bar sawu, ya yi. Yara sun fi son wannan da dankali da burodi, domin yajinsa bai da ƙarfi.

Na huɗu na kindirmo ne. A zuba kindirmo cikin tsaftataccen ƙyalle a rataye na ɗan lokaci ruwan ya ɗige, sannan a haɗa shi da kokwamba da aka goga, da tafarnuwa ɗaya, da na'ana'a da gishiri. Yana sanyaya baki bayan yaji. Amma shi ne ya fi saurin lalacewa, saboda haka a yi shi daf da zaman baƙi, kuma da nonon da aka dafa kafin a kwantar da shi. Wanda ba shi da firiji ko ƙanƙara ya haƙura da shi, ukun farko sun wadatar.

Inda hatsarin yake

Lokacin walimar nan shi ne farkon damina, lokacin da cutar amai da gudawa ta fi yawo. Ba mu manta da 2018 ba, shekarar da kwalera ta ɓulla a yankin Madarunfa ta bazu cikin jihar Maraɗi, haka kuma ta sake dawowa a 2021 ta taɓa Maraɗi da Damagaram da Tawa da Doso. Kwano ɗaya da yara 30 ke tsoma hannu a ciki ya isa ya kwantar da unguwa. Don haka a ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa, a raba abin dangwale cikin ƙananan kwanoni, kowanne da cokalinsa, kuma duk ruwan da za a dama wani abu da shi a tafasa shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a waje ba tare da sanyi ko zafi ba. Mayonez na gida da ake kaɗawa da ɗanyen ƙwai, gara a bar shi a wannan yanayi.

Sai batun gyaɗa. Wadda ta yi funfuna, ko ta yi baƙi, ko ta motse, tana iya ɗauke da gubar da masana ke kira afulatoksin, mai lahani ga hanta, kuma suya ba ta kashe ta. A zauna a tsince, a zubar da maras kyau, kada a ce za ta ɓace cikin ƙuli. Haka kuma kwalba. A wannan lokaci robobin maganin ƙwari da na kashe ciyawa sun cika gari, kuma komai wankin da aka yi musu ba su dace da abinci ba. A nemi kwalbar da abinci ya taɓa zama a ciki, a dafa ta da marfinta cikin ruwa, a kife ta a rana ta bushe sarai kafin a zuba yaji.

Kira ga ƴan uwa ƴan kasuwa

Akwai ciniki a cikin wannan al'amari ga wanda ya lura. Mai kayan yaji zai iya ƙulla citta da masoro da kanumfari da kimba wuri ɗaya daidai haɗi guda, matar da ta zo ta ɗauka ba sai ta zaga rumfa huɗu ba. Mai riɗi da mai aya su tanadi ƙaramin awo saboda masu ƙaramin ƙarfi. Matan da ke ƙuli da kantu na sayarwa su sanar da kwamitocin uwayen yara tun da wuri. Abin da muke roƙo shi ne kada a cakuɗa tsohuwar gyaɗa da sabuwa, kada a ƙara wa barkono dusa ko jan kala, domin kwalbar da ka cika yau wataƙila malamin ɗanka za a kai wa gobe.

Su ma shugabannin makarantu suna da rawar takawa. Tun kafin ranar raba sakamako su faɗa wa uwaye a fili cewa kyauta ba dole ba ce, kuma babu yaron da za a riƙe wa takarda saboda bai kawo komai ba. Gidan da bai samu abin kaiwa ba, uba ya taka da ƙafarsa ya je ya gaishe da malam ya yi masa godiya, wannan ma babban abu ne. Wanda kuma hidimar shuka ta hana shi a Yuni, ranar malamai ta duniya tana nan tafe a 5 ga Oktoba, daidai lokacin komawa lakwal, kuma sabuwar gyaɗa ta fara shigowa kasuwa.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya ba yaranmu ilimi mai amfani, ya kuma ba mu damina mai albarka.