Wutar Lantarki a Potiskum: 'Yan Kasuwa Na Neman Mafita

Duk ɗan kasuwar da ya yi niyyar sauya mai ba shi wutar lantarki a garin Potiskum na Jihar Yobe, abin da zai fara cin karo da shi shi ne cewa kamfani ɗaya ne tak ke riƙe da wayoyin garin, wato Kamfanin Rarraba Wutar Lantarki na Yola, wanda ke kula da jihohin Adamawa da Barno da Taraba da Yobe. Har gobe jama'a NEPA suke ce masa, duk da cewa an rushe waccan hukuma tun shekarar 2005.

An dai sayar da kamfanin ga 'yan kasuwa a watan Nuwamba na 2013, amma waɗanda suka saya suka mayar wa gwamnatin tarayya da shi a 2015 saboda rikicin Boko Haram, kafin daga bisani a damƙa shi ga kamfanin Quest Electricity a farkon 2022. Hannu ya sauya sau uku, amma mai shago bai sami zaɓi ba.

A shekarar 2017 hukumar NERC mai sa ido kan harkar lantarki ta ba manyan masu amfani da wuta damar saye kai tsaye daga kamfanonin da ke samar da ita, bisa sharaɗin shan aƙalla megawat 2. Wannan ma'auni na masana'antu ne. Ko an haɗa masu injin niƙa da masu walda da masu ƙanƙara na unguwa guda, ba za su kusance shi ba.

Saboda haka sauyin da ake yi a zahiri shi ne komawa ga mai janareta, wanda ke ja wa shaguna waya yana karɓar kuɗinsa kullum gwargwadon yawan ƙwai da fanka da firji, tsarin da ake kira maja a Kano. Babu mita, babu takarda, sai dai amana. Wutar ba ta cika saɓa lokaci ba, amma farashinta na bin na mai sawu da ƙafa. Da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, tela da mai aski kuwa su suka fara ji a jikinsu.

Wannan ne ya karkata hankalin masu hali zuwa ga sola, wadda matsalarta ita ce tsadar farantai da batura a tashin farko. A kasuwar Sabon Gari ta Kano an warware wannan ƙulli a 2018, inda wani kamfani mai zaman kansa, ƙarƙashin shirin Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, ya kafa farantan da kuɗinsa, mai shago kuma ya riƙa biyan abin da ya sha. Sai dai Sabon Gari na da dubban shaguna a cunkushe. Kasuwar shanu da ta hatsi, waɗanda Potiskum ta yi suna da su, cinikin rana ne a fili, don haka sai mai zuba jari ya yi lissafi sosai.

Dokar Lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon ba da lasisi ga masu samar da wuta da masu rarraba ta a cikin iyakokinsu. Ga 'yan kasuwar Potiskum, hakan na nufin cewa ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba ta Abuja ce kaɗai ba, har da ta Damaturu.