Kwalba a Jirgin Sama: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin a Ƙwace Maka Tsaraba

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau maganar kwalba za mu yi. E, kwalba. Ta zuma, ta man shanu, ta humra, ta turare, jarkar Zamzam, har da wadda ba a son ambato a cikin taro, wato ta giya. Kar wani ya ce ina ruwanmu da wannan ta ƙarshen. Ku dai biyo mu, za ku ga dokar da aka yi domin ta ita ce ke hawa kan turaren da ka sayo wa Hajiya.

Mu nan Kabi hawa jirgi ya daina zama labari. Ga filin jirgin Sir Ahmadu Bello nan a Ambursa, kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu. Daga nan ne ma jirgin farko na alhazan Najeriya gaba ɗaya ya tashi a watan Mayun 2024. Ga masu zuwa Umara, ga ɗalibai masu fita karatu, ga baƙin da ke sauka lokacin bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro tun 1934. Kusan kowa a cikinsu akwai kwalba a kayansa, kuma da yawa sai a gaban jami'in tsaro suke fara jin dokar.

To, daga ina dokar ta fito?

Kafin 2006, kana iya shiga jirgi da robar ruwanka ko lemonka a hannu, ba mai ce maka uffan. A watan Agustan shekarar ne 'yan sandan Birtaniya suka kama wasu mutane da suka shirya tarwatsa jiragen da ke tashi daga Landan zuwa Amurka da Kanada. Dabararsu ita ce su zuba sinadarin bam mai ruwa-ruwa a robobin lemo, su shiga da shi kamar abin sha, su haɗa shi a cikin jirgi. Na'urorin binciken kaya na lokacin ba sa iya bambance lemo da irin wannan sinadari. Da farko sai aka hana shiga da ruwa kwata-kwata. Bayan 'yan watanni aka sassauta, aka tsaya a kan abin da ake bi a yawancin filayen jirgin duniya har yau: a jakar hannu, kowace kwalba kar ta wuce mililita 100, kuma duka a haɗa su cikin farar leda guda mai ɗaukar lita 1, wadda ake ganin abin da ke cikinta.

Mililita 100 ɗin nan nawa ne? Ɗauki ledar fiya wata. Mililita 500 ce. Ka raba ta gida biyar, kashi ɗaya shi ne rabonka. Kuma ga inda mutane ke faɗawa: girman kwalbar ake dubawa, ba abin da ya rage a ciki ba. Kwalbar turare mai mililita 200 da ka kusa shanyewa, saura ɗan kaɗan a gindi, ba za ta wuce ba. Sannan kalmar "ruwa" a wurinsu tana da faɗi. Duk abin da ake iya zubawa, ko shafawa, ko fesawa, ya shiga ciki. Zuma ruwa ce. Man shanu ruwa ne ko da ya daskare. Man goge baki, man shafawa, tunkuza, duk haka. Abin da aka ɗaga wa ƙafa shi ne madarar jariri da maganin da za ka buƙata a hanya, shi ma ka fito da shi ka nuna, in da takardar likita ya fi.

Wani zai ce ai an taɓa barina na wuce da robar ruwa zuwa Abuja. To, sa'a ka ci. Wani kuma zai ce ya ji a Turai an cire dokar. Gaskiya ne wasu filayen jirgi sun sayi sababbin na'urori sun sassauta, amma ba duka ba. In ka tashi daga inda aka sassauta ka ya da zango inda ba a sassauta ba, a can za a karɓe. Saboda haka duk kwalbar da ta wuce mililita 100, wurinta babbar jaka, wadda ake aunawa a sa a cikin jirgi ta ƙasa.

Sai dai ita ma babbar jakar tana da nata rigimar. Ka taɓa buɗe akwati ka tarar zuma ta yi wanka da shadda? Ba lallai masu jifa da kaya ne suka ja ba. Jirgi na tafiya ne a tsayin kilomita 10 zuwa 12, inda iska ba ta da nauyi. Ana hura iska a cikinsa domin mu iya numfashi, amma ba a kai ta nauyin ta ƙasa. Zama a jirgi kamar zama ne a kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, kuma ɗakin kaya ma haka yake. Iskar da ka rufe cikin roba a Birnin Kebbi, in aka hau sama sai ta kumbura, tana iya ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ita ce kan tura abin da ke ciki ya biyo ta murfi. Abin da ke toshe maka kunne shi ne ke zubar maka da zuma.

Kun ga ke nan ba ruwan ne ke kumbura ba, iskar ce. Robar da ke rabi ta fi cikakkiya saurin yoyo. In roba ce mai laushi, ka matse ta iskar ta fita kafin ka rufe. Ka shimfiɗa leda a bakin sannan ka murɗa murfin a kai, ka naɗe da salatif, ka sa a leda biyu, ka kwantar da ita a tsakiyar tufafi ba a gefen jaka ba. In kwalbar gilashi ce, a sa ta cikin safa, kar biyu su taɓa juna. Amma fura da nono, da kunun zaƙi, da zoɓo, waɗannan ka haƙura da su. Suna ci gaba da tsami a cikin roba, suna fitar da iska da kansu. Ga zafin filin jirgi, ga na sama, sai dai ka tarar da aika-aika.

Yanzu mu zo ga wadda muka ce ba a son ambato. A dokar sufurin jiragen sama ta duniya, abin da ya dame su da giya ba halal ko haram ba ne. Wuta ce. Sinadarin barasa yana kamawa kamar fetur, shi ya sa aka kasa abin gida uku. Abin shan da sinadarin bai wuce kashi 24 cikin 100 ba, ba a ɗauke shi kaya mai haɗari ba. Daga sama da kashi 24 zuwa 70, mutum ɗaya ba zai wuce lita 5 ba, kuma sai a cikin kwalbar kamfani. Wanda ya haura kashi 70, ba ya hawa jirgi sam, ko a hannu ko a ƙasa.

Ina ya shafe ka? Turaren fesawa na kamfani, mafi yawan abin da ke cikin kwalbar wannan sinadarin ne. Shi ya sa yake bushewa nan take a jiki. An yi masa rangwame ne saboda kayan kwalliya ne: kowace kwalba kar ta wuce rabin lita, jimillar abin da mutum ɗaya zai ɗauka kuma kar ya wuce lita 2. 'Yan'uwanmu mata masu saro turare daga Dubai ko Makka, ku riƙe wannan. In kayanki sun wuce haka, sun zama na kasuwa, sai a bi da su ta kago. Humrar da aka haɗa a gida aka zuba a robar da ba rubutu ita ma kan jawo tambaya, don jami'i bai san mene ne a ciki ba. Turaren wuta busasshe ba shi da matsala irin ta ruwa, amma gawayin nan mai kamawa da ashana ɗaya, a bar shi gida.

Akwai wata giya da ya kamata ku san sunanta, ko don ku gane ta in kun gan ta a rubuce. Turawa na ce mata rum. Abin mamaki, 'yar gidan rake ce, irin raken da ake nomawa a fadamunmu. In an matse rake an dafa an fitar da sukari, akwai wani baƙin ruwa mai kauri da ke saura, mai kama da maɗi. A ƙarni na 17, a tsibirin Barbados da maƙwabtansa a yankin Karebiyan, aka gano in an bar wannan ruwan ya yi tsami, aka dafa shi aka tare tururin, giya mai ƙarfi ke fitowa. Waɗanda ke aikin gonakin raken bayi ne da aka kwaso daga Afirka ta Yamma. Ita kanta giyar akan loda ta a jirgin ruwa a kawo gaɓar tekunmu, a yi musaya da ita a sake kwasar wasu bayin. Tarihin kwalbar nan ba mai daɗi ba ne.

Masu shanta suna da wata gardama da ta daɗe a tsakaninsu, a kan mai zaƙi. Mutum zai ɗauka tunda daga rake take, dole ta yi zaƙi. Ba haka ba ne. Sukari ba ya bin tururi, a tukunya yake zama. Saboda haka in ka ji an ce wata na da zaƙi sosai, galibi zuba mata sukari aka yi daga baya. Wasu na cewa wannan algus ne, ana rufe aibin kaya da zaƙi. Wasu na cewa ai haka suke so. Har Tarayyar Turai ta shiga maganar, a dokar da ta yi a 2019 ta ce duk wadda aka sa wa abin zaƙi fiye da giram 20 a lita ɗaya, ba za a sayar da ita da sunan rum ba.

Abin da ya shafe mu a nan biyu ne. Na ɗaya, zaƙi na ɓoye ƙarfi. Irin wannan giyar kan kai kashi 40, alhali giyar kwalba ta gama-gari wajen kashi 5 ce. Matashin da ya je wata ƙasa aka miƙo masa kofi aka ce "ɗan lemo ne mai zaƙi", ya tambaya kafin ya kai baki. Na biyu, shagunan cikin filin jirgi cike suke da cakulan da kek da aka zuba wa ita a ciki. Kwalin kyakkyawa, sai ka ce tsarabar yara. Ka juya bayansa ka karanta. In ka ga rum, ko liqueur, ko brandy, ko alama mai nuna kashi kaza na barasa, ka san abin da ka riƙe.

Sannan dokar jirgi daban, dokar ƙasar da za ka sauka daban. Jirgi na iya yarda ya ɗauko abu, kwastan su ƙi. Saudiyya ta haramta giya tun 1952, kuma matafiyi ba ya shiga da ita, ko Musulmi ne ko ba Musulmi ba. Goro ma da muke gani ba komai ba, kullum hukumar alhazai na gargaɗi a kansa. Wajen dawowa kuma, ba a yarda a cusa Zamzam cikin akwati. In na'ura ta gani, buɗe jakar za a yi a cire, wani lokacin ta makara ba ta biyo jirginka ba. Tsarin da NAHCON ta saba bi shi ne a kawo ruwan daban, a ba kowane alhaji jarkarsa mai lita 5 bayan ya sauka a gida. Ƙasashen Tarayyar Turai kuwa ba sa barin matafiyi daga irin ƙasashenmu ya shiga da nama ko kayan madara. Ke nan kilishi da man shanun da Inna ta haɗa wa ɗalibi, a filin jirgi za su ƙare. Zuma an yarda da ita, amma kar ta wuce kilo 2. Mu ma nan gida, Kabi na cikin jihohin Arewa 12 da suka ɗauki shari'ar Musulunci tun wajen shekarar 2000. In kana da baƙo da zai zo kallon su a Matan Fada, ka gaya masa tun kafin ya haɗa jaka.

In ka sayi turare babba a shagon cikin filin jirgi bayan an gama bincikenka, za su sa maka shi a wata leda ta musamman su liƙe, da rasit a ciki. Kar ka buɗe don ka shinshina. Da zarar ka yage ta, in akwai wani jirgin a gabanka, kwalbar ta koma ƙarƙashin dokar mililita 100.

Na ƙarshe, kuma wallahi shi ya fi duka nauyi: saƙo. "Don Allah riƙe mini wannan kwalbar, magani ne, wani zai karɓa a Jidda." Duk abin da aka samu a jakarka naka ne a idon hukuma. Ba a manta da ɗalibar nan ba, wadda aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 saboda wata jaka mai ƙwayoyi da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba. Sai da ta yi wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta fito. Ita da ba ta ma karɓi komai ba ke nan, ina ga wanda ya karɓa da hannunsa? Ko ɗan'uwa ne, a buɗe a gabanka ka gani. In an ce ba a buɗewa, kai ma ba ka ɗauka. Kunya ba ta fitar da mutum daga kurkuku. Kuma ka ƙirga takardun kayan da aka manna a tikitinka, su yi daidai da yawan jakunkunan da ka miƙa.

Kafin tafiya, ka leƙa shafin kamfanin jirgin da za ka hau, ko ka tambayi jami'in alhazai na ƙaramar hukumarku, don kowane kamfani na iya ƙara nasa sharaɗin. Wanda kuma aka taɓa ƙwace wa wani abu, ya ba mu labari a ƙasa, wani ya ƙaru. A tura wa iyayenmu masu niyyar sauke farali, ko a karanta musu.

Allah Ya kai kowa lafiya, Ya dawo da shi lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.